Alif Ɗin da Gara Ta Ci

"Ba zan canza ba," na ce.

Rauf ya ɗora wayarsa a kan teburina, ya turo ta da ɗan yatsa har ta taɓa kwamfutata. Shi ne babban ɗan Alhaji Osman, dillalin shanun da ya fi kowa ƙarfi a kara, kasuwar shanun Bawku. Ya shigo mana laburare da takalmi duk kashin shanu, samari biyu na bin bayansa.

"Madam, ka duba da kyau," ya ce. Hausarsa irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. "Baƙi ɗaya ne fa. Ka cire ƙaramin b, ka sa babba, kowa ya huta."

A fuskar wayar hoton layi ɗaya ne daga wani littafi da ni na buga shi da hannuna: "Sai Sidiku ɗan bawa ya shiga Bawku da garken shanu." Sidikun nan shi ne kakan Alhaji Osman.

"Ina bayanin da ke ƙasan shafin?" na tambaye shi. "Wanda ya ɗauki hoton nan ya yanke shi."

"Ba karatun bayani ya kawo mu ba."

"To kun yi ɓatan kai. Nan gidan karatu ne."

Ɗaya daga cikin samarin ya yi dariya. Rauf ya waiwaya, dariyar ta mutu a baki. Sai ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko tabalet ɗaya, cikin waɗanda muke ba 'yan makaranta aro, ya sake shi ƙasa, ya taka da dunduniya har gilashin ya yi ƙara. Abokiyar aikina Lamisi ta toshe bakinta da gyale.

"Ka yi tunani, Madam," ya ce, suka fita.

Sunana Taslima Wahabu, 'yar Salaga. Na karanta aikin laburare a jami'a, na fito da sakamakon da har yau ba na jin kunyar faɗa. Ƙungiyar 'yan zango mazauna ƙasashen waje ce ta buɗe laburaren, ɗaki biyu a bayan tashar mota, ta ɗauke ni in riƙe shi. Littattafan takarda ba su da yawa. Mafi yawan abin da muke da shi yana cikin tabalet da wayoyin mutane, shi ya sa ake ce musu littafin waya.

Ba da aron littafin waya wahala ce da wanda bai yi ba ba zai gane ba. Waɗanda muke samu daga kamfanonin ɗab'i ba mallakarmu ba ne, izinin karantawa kawai ake ba mu. Kwafi ɗaya, mutum ɗaya. In wa'adinka ya cika, littafin ya kulle kansa a hannunka ko kana tsakiyar shafi, ya wuce wurin na gaba a layi. Kullum sai na yi faɗa da wani. "Madam, abin da ba ya yagewa, ba ya ɓata, me ya sa sai na jira layi kamar mai sayen koko?" In gari ya rikice aka sa dokar hana fita, ko intanet ta ɗauke, sai yara su zauna da tabalet a hannu, littafin jarrabawarsu a kulle a ciki.

Wannan ne ya sa na ce sai mun samu littattafan da namu ne na kanmu. A gidanmu na Salaga akwai adakar ƙarfe cike da rubutun ajami na kakanninmu malamai, kuma yayar mahaifina, Goggo Damata, ita ke riƙe da makulli. Na sha lallashi kafin ta yarda in ɗauki hoton ko da guda ɗaya.

"Littafin gidan nan aro ake ba da shi," ta ce. "Ya fita, ya dawo. Wayar taki ta san dawowa?"

Na ce ta sani. Na nuna mata yadda littafin ke kulle kansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan waya ta fi wasu malamai amana.

Na fara da labarin wani ayarin goro, wanda kakan mahaifina ya rubuta: wa ya tashi daga Salaga, wa ya mutu a hanya, wa ya yada zango a Yendi, wa ya zarce Bawku. Ajami na dā ya fi ƙarfina, don haka na riƙa kai hotunan Yendi wurin Malam Sa'id, tsohon abokin mahaifina. Yana karantawa, ina bugawa da boko. Da muka zo layin Sidiku sai ya tsaya, ya matso da hoton kusa da idonsa.

"'Yata, kin ga nan? Ba, alif, wau. In akwai wani alif a ƙarshe, an ja wasalin ke nan, bawa ne wanda aka saya. In babu, Bawa ne, sunan mutum kawai. To ga shi gara ta ci daidai wurin."

"Ke nan wanne zan rubuta, Malam?"

"Ni ban sani ba. Wanda ya sani yana kabari, ita kuwa garar ba ta magana."

Ajami ba shi da babban baƙi da ƙarami, boko kuwa dole ka zaɓa. Na buga da ƙaramin b, na sa bayani a ƙasan shafin cewa kalmar tana karantuwa ta fuska biyu, na kuma manna hoton ramin da gara ta yi. Littafin ya daɗe a laburare ba wanda ya kula da shi, sai ɗalibai 'yan kaɗan.

Sai Sarkin Kara ya rasu. Mutum biyu suka fito neman kujerarsa, Alhaji Osman da wani dillali mai suna Mikaila. Wani daga ɓangaren Mikaila ya ari littafin, ya ɗora wata wayar a kan fuskar tasa ya ɗauki hoton layin, ya yanke bayanin. Makullin da na yi wa Goggo alkawari bai hana wannan ba. Kafin rana ta faɗi hoton ya zaga kowace waya a Bawku, da rubutu a ƙasa: jikan bawa ne zai mulki kara?

Bayan fitar su Rauf na share gilashin tabalet ɗin, na zauna gaban kwamfuta. Lamisi ta tsaya a kaina.

"Sista Taslima, ki sa musu babban b ɗin nan mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ke da gara, ku biyu."

Ban yi dariya ba. Na buɗe shafin, na goge kalmar, na sake rubuta ta da manyan baƙaƙe duka: BAWA. Haka ta fi kusa da ajamin, ba ta ce suna ne ba, ba ta ce bauta ce ba. Na danna, gyaran ya tafi duk wayar da littafin zai sauka.

Na ɗauka na yi dabara. Washegari mutanen Mikaila ne suka fara zuwa. Suka ce Alhaji Osman ya saye ni, in mayar da ƙaramin b, in kuma cire wannan dogon bayanin da ke ruɗa mutane. Na ba su amsar da na ba Rauf. Ɗayansu ya tofa yawu a kan rajistan baƙi. A ranar da yamma aka yi arangama a kara tsakanin yaran ɓangarorin biyu. An sari wani makiyayi, wanda bai ma iya karatu ba, a wuya da adda, shanu suka ɓalle suka tattake rumfunan masu hatsi. Na ga jinin da idona a kan buhunan gero lokacin da nake komawa gida.

Alhaji Osman ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa a kan buzu, tsoho mai farin gemu, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida, amma ban sunkuyar da ido ba.

"Ke ce 'yar Malam Wahabu na Salaga?"

"Ni ce, Alhaji."

"Mahaifinki mutumin kirki ne. Jikata ta dawo daga makaranta jiya tana kuka. Yara sun ɗaura mata igiya a wuya suna ja, suna tambayar nawa ne kuɗinta. Shekarunta ba su kai na hankali ba. Kin ji?"

Na ji. Na ce masa abin da aka yi wa yarinyar zalunci ne, kuma zan je makarantar da kaina in karanta musu bayanin.

"Bayani!" ya ce. "Kakana Bawa sunan ubansa. Haka uwata ta faɗa mini."

"Mai yiwuwa haka ne, Alhaji. In kun yarda, zan rubuta a ƙasan shafin cewa haka zuriyarsa suka ce, da sunanku. Amma ba zan ce takardar ce ta faɗa ba, don ba ta faɗa ba."

"To cire littafin gaba ɗaya. An ce da yatsa ɗaya za ki iya kulle shi a ko'ina."

Gaskiya ne, zan iya. Amma hoton da aka yanke ba zai kullu ba, yana nan a wayar kowa. In na cire littafin, guntun nan ne kaɗai zai rage a duniya, ba bayani, ba hoton rami. Na faɗa masa haka.

"Yarinya, karatu ya hau miki kai."

"Shi aka aike ni in yi, Alhaji."

Ya ɗaga hannu alamar in tafi. Rauf yana tsaye a bakin zaure, ya matsa kaɗan kawai, sai da kafaɗata ta goge shi.

Ranar kasuwa suka zo, da rana tsaka, lokacin da hayaniyar tasha ke rufe kowace ƙara. Na ji tsayuwar babura. Na ce wa 'yan makarantar da ke ciki su fita ta ƙofar baya, suka fita a guje. Lamisi ta ƙi bin su.

Rauf ya shigo da rodi a hannu, sauran da sanduna da jarkar fetur. Suka fara da kantoci, suka kifar da su. Tabalet ɗin da ke caji suka fizge su da igiyoyin cajinsu suka tara a tsakar ɗaki, suka hau su da sanduna. Lamisi ta riƙe hannun ɗaya tana cewa na yara ne, na yara ne. Ya juya ya buga mata sanda a gefen kai. Ta faɗi tsakanin kujeru, jini na fita daga kunnenta.

Na yi kanta, mutum biyu suka riƙe ni, suka mayar da ni kan kujerata. Rauf ya juyo da kwamfutar ta fuskance ni.

"Lambar sirri."

"A'a."

Ya mare ni da bayan hannu, zobensa ya fasa mini leɓe. Na haɗiye jinin.

"Madam, ka buɗe, mu goge, mu tafi. Ba mu son taɓa mace."

"Ai kun riga kun taɓa. Ka dubi ƙasa."

Ya yi wa yaransa alama. Suka shimfiɗa hannuna na dama a kan tebur, ɗaya ya danne wuyan hannun da gwiwarsa. Na ga rodin ya tashi.

"Da wannan hannun ka rubuta, ko?"

Bugun farko ban ji zafi ba, ƙara na ji, kamar an taka busasshen kara. Na biyu ne ya kawo zafin, ya taso daga yatsu ya cika mini kai har na daina gani. Na yi ihu, ba zan ɓoye ba, na kira sunan uwata. Ya sake tambaya. Lambar tana kan harshena, sunan kakata ne da shekarar da na gama makaranta. Na cije ta tare da leɓen da ya fashe.

Ya buga na uku. Daga nan ya gaji da ni, ya ɗaga kwamfutar ya maka ta da bango. Bai san littafin ba a cikinta yake zaune ba. Suka zuba fetur a kan tarin tabalet da littattafai. Kafin ya kyasta ashana ya sunkuyo kusa da fuskata.

"Tunda ka ƙi, za mu je inda takardar take. Salaga ba sama ba ce."

Da hannun hagu na ja Lamisi ta wuyan riga har bakin ƙofa. Hayaƙin roba ya cika mini ƙirji. Masu lodin tasha ne suka ƙarasa fitar da mu, suka ɗora mu a keken kaya zuwa asibiti.

Tun ana wanke mini hannu na roƙi wata nas ta danna mini lambar Goggo Damata.

"Goggo, ki ɗauki littafin ayari ki bar gida yanzu. Ki kai wa Malam Sa'id a Yendi."

"Me ya sami muryarki?"

"Goggo, yanzu."

"Sauran fa? Adakar nan ƙato biyu ke ɗaga ta."

"Ki kira maƙwabta su ɗauke."

Ta naɗe littafin a zane, ta binne shi a cikin kwanon busasshiyar kuɓewa, ta hau motar Bimbila, hanyar Yendi, kamar mai zuwa kasuwa. Maƙwabtan da ta bar wa saƙo suka ce sai mazan sun dawo daga gona. Yaran Rauf sun riga mazan isowa. Suka ɓalle ƙofar ɗakin, suka fasa adakar da gatari. Ba wanda ya iya ajami a cikinsu, ba su san wanne ne ba, sai suka fito da komai tsakar gida suka cinna wuta. Waƙoƙi, wasiƙun malamai, littafin magunguna, duk abin da na ce zan ɗauki hotonsa in na samu sarari.

'Yan sanda sun zo asibiti sun rubuta jawabina. An kama Rauf, aka kuma sake shi kafin a cire mini zaren ɗinki. Ƙungiyar da ta ɗauke ni aiki ta kira ta ce in bar Bawku tukuna. Na tambaye su littattafan da muka samu daga kamfanoni fa. Suka ce izinin yana ɗaure da waɗancan tabalet ɗin, ya ƙone tare da su.

Na bi ta Gushegu na sauka Yendi, hannu a cikin filasta. Goggo tana zaune a tsakar gidan Malam. Ta dubi hannun, ta dubi fuskata, ba ta yi kuka ba.

"Kin ce wayar ta san dawowa," ta ce.

Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ina nan a gidan, wata safiya, mota ta tsaya a ƙofa. Alhaji Osman ne, shi kaɗai da direbansa. An ba Mikaila sarautar kara, dattawa sun ce ba za su naɗa uban mai ƙona gidan karatu ba. Ya yi sallama, Malam ya shimfiɗa masa tabarma. Bai dubi inda nake ba.

"Malam, na zo in gani da idona."

Malam Sa'id ya dubi Goggo, don littafin nata ne. Na ɗauka za ta hana. Sai ta tashi ta kwance zanen, ta ce, "Aro ne, Alhaji. A nan za ku duba, a nan za ku bari."

Malam ya buɗe shafin ya miƙa masa. Alhaji ya yi karatun allo, ya bi layin da yatsa yana motsa baki. Sidiku. Ɗan. Ba, alif, wau. Yatsansa ya tsaya a bakin ramin. Ya ɗaga takardar sama, hasken rana ya ratso ta wurin ya sauka a kan rigarsa, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero.

"Malam," ya ce a hankali, "ba yadda za a yi a gane?"

"Babu, Alhaji."

"Ko ta bayan takardar?"

"Ramin ya fita har baya."

Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya mayar wa Goggo da hannu biyu, ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo, karo na farko ya dubi filastar.

"Da kin sa babban b ɗin nan, da duk wannan bai faru ba."

"Da ɗanku bai ɗauki rodi ba, Alhaji, da bai faru ba."

Ya juya ya shiga mota. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Littafin ayari yana nan. Daga wayata nake ba da aronsa yanzu, da hannun hagu, mutum ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi wa Goggo alkawari, kuma layin masu jira ya fi na kowane lokaci tsawo. Kalmar tana nan da manyan baƙaƙe, bayanin yana ƙasa, hoton ramin yana gefe. Na ƙara layi ɗaya: zuriyar Sidiku sun ce Bawa sunan mahaifinsa ne.

Yatsuna uku na dama ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce ba za su ƙara ba. Lamisi ba ta ji da kunnen hagu, kuma ba ta ɗaukar wayata. Laburaren Bawku ya zama shagon sayar da taya, yaran da suka fita ta ƙofar baya sun rubuta jarrabawarsu ba littafi. Adakar gidanmu babu komai a ciki, Goggo ta sa an gyara murfin tana ajiye zannuwa. Duk wannan a kan baƙi ɗaya da na ƙi rubutawa don ban san ko alif ɗin yana nan ba. Har yau ban sani ba.